Tsohon faifan garmaho, sabon bugu, CD ko fayil: wanne ya dace da mai sauraro a Maraɗi?

Faifan garmaho ya dawo bayan an daɗe da yi masa sallama. A Amurka kaɗai, a shekarar 2022 an sayar da kusan miliyan 41, CD kuwa miliyan 33, karo na farko ke nan da garmaho ya wuce CD tun 1987. Ganin haka kamfanoni suka shiga tono tsoffin waƙoƙi suna sake bugawa, suna manna wa kwalin takardar da ke cewa an tace sautin. To ga mutum a Mokoyo ya gaji kwalin fayafayan mahaifinsa, ga wani a unguwar Zariya ɗan'uwansa na Faransa yana tambayarsa tsarabar da yake so, ga kuma wanda ya gaji da sautin waƙoƙin da ake tura masa a kasuwa. Dukansu tambayarsu ɗaya: a ina ya kamata kuɗin ya tafi?

Hanyoyin huɗu ne: tsohon faifai bugun asali, sabon faifan garmaho da aka sake bugawa, CD mai tataccen sauti, sai fayil a waya ko sauraro ta intanet. Musun da Turawa ke yi kan wanne ya fi daɗin sauti ba shi ne zai raba gardama a nan ba. Abin da zai raba ta shi ne zafin watan Afrilu, ƙurar hunturu, halin wutar lantarki, da kuma inda aka ɗebo sautin tun farko.

Mece ce tacewar da ake ta talla?

Idan aka ɗauki waƙa a situdiyo a shekarun 1960 ko 1970, ana haɗa muryoyi da kayan kiɗa a zuba su a kan tef guda, shi ne uwar tef. Daga ita ake yanka faifai. Tacewar da ake rubuta wa "remastered", ko "remasterisé" a bugun Faransa, ita ce a koma ga wannan uwar, a sake kwafe ta da na'urorin zamani, a daidaita amon ƙasa da na sama, a rage shuuu ɗin tef, a cire tas-tas. Ba a taɓa yadda aka haɗa kiɗan ba. In aka ɗaga murya aka danne ganga, wannan sabon haɗi ne, "remix" ake rubuta masa, kuma waƙar na iya fitowa ba kamar yadda kunne ya saba ba.

Kalmar ba ta da mai gadi, kowa na iya manna ta. Tacewa uku ake samu a kasuwa. Akwai wadda aka yi daga uwar tef ta gaskiya, ita ce ta ƙwarai. Akwai wadda aka yi daga kwafin kwafi ko daga tsohon faifai mai lafiya, don uwar ta ɓace ko ta lalace. Wannan ba ha'inci ba ne in an faɗa a jikin kwalin, kuma yawancin waƙoƙin Afirka ta Yamma a nan suke. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: gobarar da ta tashi a ma'ajiyar Universal a Los Angeles a 2008 ta cinye tef na asali masu yawa. Ta ukun ita ce ta ƴan ci-da-ceto, waɗanda ke ɗaukar CD kawai su yanka faifai da shi. A Turai waƙoƙin da suka fito kafin 1963 haƙƙin ɗaukarsu ya ƙare, shi ya sa irin waɗannan bugu suka yi yawa, kwali mai ƙyalli, ciki ba komai.

Akwai kuma wata cuta da ta kama tacewa tun daga shekarun 1990, wato gasar ƙara. Ana matse sautin har wurin da ya kamata ya yi sanyi da wurin da ya kamata ya tashi su zama daidai. A minti na farko sai ka ce ya fi armashi, bayan rabin awa kunne ya gaji, kalangu ya rasa duka, kukuma ta zama ƙara kawai. Sau da yawa in ka ji an ce garmaho ya fi CD daɗi, to ba robar ce ta yi abin ba, an dai yanka faifan ne daga kwafin da ba a matse ba.

Abubuwan da za a auna

Kuɗi, kuma ba na faifai kaɗai ba, har da na'ura, allura da kuɗin kawowa. Juriya a yanayinmu, inda rana ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Sauƙin amfani, musamman ranar da aka ɗauke wuta. Haɗarin a cuce ka ko ka cuci kanka. Sai samuwa: waƙar da kake so tana nan a wannan hanyar kuwa? Na ƙarshen nan shi ya kamata a fara dubawa, don ba amfanin sayen garmaho na jika ɗari in waƙoƙin da ransa ke so duk a kaset suka rayu.

Lissafin kuɗi a nan yana da sauƙi tunda Yuro ɗaya sefa 656 ne, ba ya motsi.

Tsohon faifai, bugun asali

Iri uku ne, kuma rashin bambance su na jawo asara. Babba mai faɗin santimita 30 yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, kowane gefe na ɗaukar minti 20 ko sama kaɗan. Kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948. Ƙarami mai santimita 17 da rabi yana juyawa sau 45, RCA Victor ta kawo shi a 1949, yawanci waƙa ɗaya a kowane gefe. Sai kakansu mai juyi 78, mai nauyi, mai sanyi a hannu, wanda ba da roba aka yi shi ba, da wani irin ƙaro ne. In ya faɗi fashewa yake kamar tangaran. Tsagarsa ta fi ta sauran faɗi, allurarsa daban ce, kuma duk wani ruwa mai sinadarin barasa narkar da fuskarsa yake.

A wajen samuwa tsohon faifai ba shi da na biyu ga mai neman waƙoƙin wannan yanki. Kamfanoni irin su EMI da Decca sun yi ta buga fayafayai a Legas, kuma fatake sun hauro da su ta Kano da Katsina da Jibiya. Waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos sun fito a faifai a wancan zamani. Da yawa daga irin waɗannan ba wanda ya sake buga su, saboda haka kwafin da ke cikin adakar tsohuwa na iya zama mafi kyawun abin da ya rage a kusa.

Farashi ba shi da ƙa'ida, ciniki ne. A gida za a iya ba ka kyauta don a huta da tarkace, a Discogs kuwa, shafin intanet da ake cinikin fayafayai, faifan Afirka da ba a cika samu ba na iya kai ɗaruruwan Yuro. Kafin ka saya, ko ka sayar, duba lambar da aka karta a filin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya, ita ke nuna wane bugu ne. Masu saye a waje suna da ma'auninsu: NM kamar sabo, VG+ mai ɗan alamar amfani, VG ana jin ƙaras-ƙaras amma ba ya tsalle, G na cike gurbi ne kawai.

Yadda ake duba shi: fito da shi daga kwali, riƙe da gefe da tsakiya, kada yatsa ya taɓa tsaga. Kunna fitilar waya ka haska shi a karkace, ba daga sama ba. Siraran layukan da suka yi kama da gashi ba matsala ba ne. Wanda farce ya ji ya tsaya a kansa, to allura ma za ta ji, za ka riƙa jin "tak" a kowane juyi. Tsagar da ta koma toka-toka maimakon baƙi mai sheƙi, ita ce mafi muni, tsohuwar allura mai nauyi ce ta ci ta, kuma wanki ba ya gyara ta. Daga nan ɗora faifan a kan gilashi ko tebur mai santsi marar tudu ka duƙa ka hango gefensa. In wani sashe ya ɗaga har ɗan yatsa na iya shiga, zafi ya riga ka. Amma a wannan ciniki ji ne ya kori gani: wani faifan zai yi kyau a ido ya fito da hayaniya, wani ya yi muni ya fito garau. In da hali, a saurari waƙar ƙarshe ta kowane gefe, a nan lalacewa ke fara bayyana, domin a bakin faifai tsaga na wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, a ciki kuwa kusan 20 ne kawai, sautin a cushe yake.

Wanki: rabin lita na tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, da ɗigo ɗaya na sabulun ruwa. A tabbatar ruwan ne ba asid ba, don a shago ɗaya ake sayar da su. Ruwan rijiya ko na famfo yana barin gishiri a cikin tsaga. A shafa da tattausan ƙyalle ana bin tsagar a zagaye, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, a ɗauraye da tataccen ruwa, a jingine a inuwa ya bushe da kansa. Ba a shanya faifai a rana ko na minti biyar.

Sabon faifan garmaho

Abin da ke jan mutane nan a bayyane yake: faifai ne da ba a taɓa ɗora masa allura ba, ga babban kwali mai hoto, ga takardar tarihi a ciki da sunayen makaɗa. Kamfanoni irin su Analog Africa a Jamus, Soundway da Strut a Ingila, da Sahel Sounds a Amurka sun yi suna wajen tono waƙoƙin Afirka. Sahel Sounds ne ya buga aikin Mamman Sani, makaɗin ogan na Nijar, na 1978, wanda asalinsa a kaset ya fito, a faifan garmaho a 2013. Darajar irin wannan bugu ita ce ya ceto aikin daga ɓata kuma ya kai shi duniya. Roba ba ta ƙara wa sauti abin da ba a ɗauka ba tun ranar farko.

A Turai sabon faifai ɗaya yakan kama Yuro 25 zuwa 35, wato jika 16 zuwa 23. Bugun ƴan ƙwalisa na iya kai Yuro 50 ko fiye. Masana'antun da ke buga su suna can: GZ Media a Jamhuriyar Cek, Optimal da Pallas a Jamus, MPO a Faransa. Kuɗin aikowa faifai ɗaya kan kusa kamo kuɗin faifan kansa, ban da abin da duwan za ta karɓa, saboda haka gara a haɗa uku ko huɗu a kwali guda, ko a jira matafiyi.

Hanya ita ce babban haɗari. Daga Yamai zuwa Maraɗi ya haura kilomita 600, kuma faifan da ya yi wannan tafiya a saman mota ko a but, ƙarƙashin buhu, zai iso a lanƙwashe tun ba a buɗe ledarsa ba. A gaya wa mai kawowa ya sa shi tsakanin kwali biyu masu tauri, ya riƙe a jakar hannu, a tsaye. A fitar da faifan daga babban kwalinsa a ajiye shi gefe cikin rigarsa, in ba haka ba girgizar hanya za ta sa bakinsa ya yanke kwalin.

Rubutun "180 gram" da ake yi da manyan baƙaƙe ba ruwansa da sauti. Tsoffin fayafayai na gram 120 zuwa 140 ne, kuma zurfin tsagar ɗaya ne. Mai kauri dai ya fi zama daram a kan faranti, shi ke nan. Abin dubawa shi ne ƙananan rubutun baya: an ambaci uwar tef? An faɗi sunan wanda ya yanka? An rubuta cewa da izinin mawaƙin ko magadansa aka buga? In duk babu, ajiye. Ko manya ma sai an sa musu ido. A 2022 ne ya fito fili cewa Mobile Fidelity, kamfanin da ake sayen fayafayansa da tsada don an ɗauka ba sa bi ta kwamfuta, ya shekara da shekaru yana bi da sautin ta kwamfuta kafin yankawa, har maganar ta kai kotu. Abin lura a nan, masu kunnen da ke cika baki sun yi shekaru suna yabon fayafayan ba su gane ba.

Na'urar, inda kuɗin gaske yake

Hanyoyi biyun da suka gabata duk suna buƙatar garmaho, kuma a nan ake yawan faɗawa rami. Ƴan ƙananan nan masu kamar akwati, masu sifika a jiki, araha ce da ba ta ado. Allurarsu na danna faifai da nauyin gram 5 ko fiye, hannun ba ya saituwa, sifikar kuma na girgiza farantin da take zaune a kai. Kada a ɗora musu faifan da ba za a sake samu ba.

Sabuwa mai dama-dama, kamar Audio-Technica AT-LP60X, tana kusa da Yuro 150, wajen jika 100. Ta hannu mai kyau ta Japan, irin Technics ko Pioneer na shekarun 1970 da 1980, sau da yawa ta fi ta ƙarko. Ga abin da za a bincika a ta hannu.

Wuta. Tamu bolt 220 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka 120 ce mai bugu 60. Taransifoma na gyara ƙarfin wutar, amma ba ya gyara bugun. Garmahon Amurka da injinsa ke bin bugun wuta zai riƙa juyi 28 a maimakon 33, mawaƙi ya koma kamar mai jin barci. Wanda aka rubuta wa "quartz" ba ya da wannan matsala. A kan janareto ma haka ne, in injin na hawa yana sauka, muryar za ta riƙa lilo. Na'urar daidaita wuta dole ce ga amfilifaya.

Bel. Masu juyawa da bel, robar na saki a zafi har ta narke ta manne. Masu injin juyawa a ƙarƙashin faranti kai tsaye ba su da wannan ciwon kai, su suka fi dacewa da mu.

Ƙaramin amfilifaya na allura. Ana yanka faifai ne bayan an rage amon ƙasa an ƙara na sama, bisa ƙa'idar 1954 ta RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka. Dole a samu abin da zai mayar da shi daidai ya kuma ɗaga ƙarfinsa. In amfilifayarka na da rami mai suna PHONO, nan za ka sa. In ka sa a AUX, sauti zai fito siriri kamar na sauro. In kana jin "huuum" a ƙasa-ƙasa, siririyar waya ta uku da ke fitowa daga garmaho tare da igiyoyin sauti biyu ce ba a ɗaure ta a ƙusar bayan amfilifaya ba.

Nauyin allura. Juya dunƙulen da ke bayan hannu har hannun ya tsaya a iska ba sama ba ƙasa, mayar da zoben lamba zuwa sifili ba tare da motsa dunƙulen ba, sannan juya su tare zuwa nauyin da kamfani ya faɗa. AT-VM95E gram 2 take so, Ortofon 2M Red gram 1.8. Rage nauyi ƙasa da ƙa'ida ba tausayi ba ne, allura ce za ta riƙa rawa tana dukan bangon tsaga. Ɗora dala ashirin a kan hannu don hana tsalle, kamar yadda aka saba yi a da, kashe faifai yake yi, don kwabbon ya haura gram 6.

Allura kuma tana ƙarewa. Audio-Technica na ba mai zagayayyen baki awa 500, mai siffar ƙwai awa 300. Mai sauraron faifai ɗaya na minti 40 a kullum, wata 15 ke nan ya cinye awa 300, kuma ƙura na rage wannan. A sayo biyu tun farko.

Ajiya: a tsaye kamar littattafai, ba a kwance a jibge ba, ba a jingine a karkace ba. A zaɓi ɗaki mafi sanyi, nesa da taga da bangon da rana ke duka da yamma. Ɗakin laka ya fi na kwano nesa ba kusa ba, sai dai a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara, wadda ba ta cin roba amma tana gamawa da kwali a mako guda. Da hunturu iska na bushewa, faifai ya riƙa jan ƙura kamar maganaɗisu, sai an share shi da burushinsa kafin kowane sauraro. Da damina a riƙa buɗe akwati yana shan iska saboda hunhuna.

CD

Philips da Sony suka fito da shi a 1982. Santimita 12 ne, yana ɗaukar minti 74 zuwa 80 ba juyawa. Tazarar da ke tsakanin sauti mafi sanyi da mafi ƙarfi a CD ta kai desibel 96 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), garmaho mai lafiya bai cika wuce 70 ba. Ba abin da ke taɓa fuskarsa sai haske, don haka sauraro na dubu daidai yake da na farko. Sabo a Turai Yuro 10 zuwa 18 ne, na hannu kuwa ya faɗi warwas tunda ido ya koma kan garmaho. Tsohuwar na'urar DVD da ke gida tana karanta shi. In tacewa ɗaya aka yi amfani da ita a CD da garmaho, CD ne ya fi kusa da uwar tef, duk da masu garmaho ba sa son jin haka.

Haɗarinsa na jabu ne. Juya shi ka duba: na kamfani azurfa ne fari, da lamba a zoben tsakiya. Wanda ya yi kore ko shuɗi a kwamfuta aka ƙona shi, yawanci daga MP3, kuma rininsa na dusashewa in ya sha rana. Karce a gefen rubutu ya fi na ƙasa illa, domin sautin na kwance dab da fentin. Gogewarsa kishiyar ta garmaho ce, daga tsakiya zuwa baki a miƙe. In na'ura ta fara tsalle, kafin a zargi faifan a share idonta, ƙura ce sau tari. Wani abu kuma: CD ɗin da aka buga a shekarun 1980 sau da yawa ya fi sabon tatacce sakewa, don ya riga gasar ƙara zuwa.

Fayil da intanet

Nan ne sauƙi yake. Ba ruwanka da zafi ko ɗaukewar wuta in dai waya na da caji, kuma kwafi ba ya ƙarewa. Kundin waƙa na minti 40 a cikakken sautin CD ya kai megabait 420. A tsarin FLAC yana komawa wajen 250 ba tare da an zubar da komai ba. MP3 mai lamba 320 wajen 96 ne, kuma kunnuwa kaɗan ne ke bambance shi da CD. Mai lamba 128 wajen 38 ne, a nan ake fara jin shantu da kuge sun zama kamar ana murza leda. Shafin Bandcamp na sayar da FLAC kai tsaye daga ƙananan kamfanonin da aka ambata, sai dai yana buƙatar katin banki.

Matsalar ita ce asali. Waƙar da aka kwafa daga kaset, aka ɗora a YouTube, aka sauke, aka tura ta Bluetooth, aka sake juya ta, ta zubar da kaya a kowane zango. Mayar da MP3 zuwa FLAC ba ya dawo da abin da ya tafi, wuri kawai yake ci. Memorin jabu na nuna yana da faɗi, sai ya cika rabi waƙoƙi su fara ɓacewa. Waƙar da ke manhajar sauraro kuma haya ce, ranar da yarjejeniya ta ƙare za a wayi gari babu ita. Duk abin da ke da muhimmanci a ajiye shi wuri biyu.

| | Tsohon faifai | Sabon bugu | CD | Fayil |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin guda | ciniki | jika 16 zuwa 23, ban da kawowa | jika 7 zuwa 12 sabo | kyauta zuwa ƴan jikuna |
| Kuɗin na'ura | jika 100 zuwa sama | daidai da na tsoho | kaɗan | waya ta isa |
| Zafi da ƙura | yana jin jiki | yana jin jiki | da dama | ba ruwansa |
| Sauƙi | wanki, saiti, juyawa | saiti, juyawa | sa ka danna | mafi sauƙi |
| Babban haɗari | cinyayyar tsaga | lanƙwashewa a hanya, bugun bogi | ƙonannen jabu | mugun kwafi, ɓacewa |
| Waƙoƙin Hausa na da | a nan suke | kaɗan ƙwarai | kaɗan | da yawa, sauti sai addu'a |

Kowa da nasa

Wanda ya gaji fayafayai: kada ya sayar da gaggawa, kada kuma ya gwada su a kan tsohon garmahon da aka samu tare da su, allurarsa ta daɗe da mutuwa. Ya ware masu juyi 78 gefe, ya wanke sauran, ya nemi na'ura mai hannu mai saituwa da sabuwar allura. Sannan ya kwafe su a kwamfuta da manhajar Audacity, wadda kyauta ce. A saita ƙarfin shiga yadda wuri mafi ƙara zai tsaya wajen desibel 6 ƙasa da iyaka, a ɗauki gefe guda a tashi ɗaya, a yayyanka waƙoƙi daga baya, a ajiye a FLAC. Kaset ɗin da ke cikin adakar ma haka za a yi musu, su ne ma suka fi gaggawa, don tef ya fi roba saurin mutuwa.

Wanda sauti mai kyau kawai yake so da kuɗi kaɗan: CD na asali ko FLAC, sauran kuɗin ya zuba a sifika masu kyau ko abin sawa a kunne. Jika 100 a sifika ta fi jika 100 a garmaho canza abin da kunne zai ji.

Wanda yawanci a shago, a mota ko a kan hanyar Ɗan Isa yake sauraro: MP3 mai lamba 320 a memori na gaskiya.

Mai rediyo, mai bincike ko malamin da ke tara tarihin waƙa: bugun asali don shaida, da kwafin fayil don aikin yau da kullum. Ya ɗauki hoton kwali da takardar tsakiya gaba da baya, don a nan sunayen makaɗa da lambar bugu suke.

Wanda zama yake so, ya zaro faifai, ya share, ya sauke allura, ya ba waƙa minti 20 ba tare da taɓa waya ba, kuma yana da ɗaki mai sanyi da wanda zai riƙa kawo masa allura: sabon bugu daga kamfanin da ya faɗi inda ya samo sautin. Ya fara da fayafayai biyar, ya ga yadda za su fita daga bazara ɗaya kafin ya yi odar na shida.